Gwaggo Ta Gyara Mana Aiki, Ta Raba Ni da Mijina

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Abin da ke damuna, idan na faɗa wa mutane dariya suke yi, wasu ma cewa suke daɗi ne ya yi mini yawa.

Ni da maigidana masana'anta ɗaya muke aiki, inda ake yin bokitai da kujerun roba. Shi yana kan injin da ke narka roba, ni kuma ina ɓangaren dubawa: in kankare bakin bokiti, in duba ko ya tsage, in sa masa mariƙi. A can muka haɗu. Bayan aure ma tare muke fita, tare muke dawowa, kujera ɗaya a motar ma'aikata. Lokacin hutu sai ya same ni bayan tulin kwalaye, mu buɗe kular abinci ɗaya. Ba wata doguwar hira muke yi ba, ƙarar inji ta koya mana magana da ido. Idan ya ɗaga mini gira daga nesa, na san tambayata yake ko ƙafata ta fara ciwo.

Ba zan ɓoye miki ba, lokacin akwai wahala. Yaranmu biyu wurin maƙwabciya muke barin su. Ƙaramar mai yawan zazzaɓi ce, ina tsaye kan aiki amma rabin hankalina yana gida.

Bara kamfani ya kawo wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, wadda ke tattara bayanan aikinmu ta tsara komai. Mu Gwaggo muke ce mata, don ba abin da ba ta sani ba a kan kowa. Ta san wanda ya daɗe a tsaye, ta san injin da ke shirin lalacewa, ta san lungun da zafi ya fi yawa. Kuma tsakani da Allah ta yi mana rana. Ita ta gano teburina ya yi mini ƙasa, aka ɗaga shi, bayana ya daina ciwo. Maigidana ya daina dawowa da ƙuna a hannu, saboda tana yi masa gargaɗi tun kafin ƙarfe ya ɗauki zafi. Rabon aiki na son kai ma ya ƙare.

Sai wata rana ta tambayi kowa ta waya abin da ya fi damunsa. Na ce mata yara. Ashe maigidana ma yara ya ce. Shi ke nan Gwaggo ta sa shi aikin safe, ta sa ni na yamma, ta raba mana ranakun hutu, don kullum a samu ɗayanmu a gida.

Anti, yanzu a bakin ƙofar masana'anta nake ganin mijina. Ina sauka daga mota, shi yana shirin shiga. In miƙa masa makullin gida, in ce masa ƙaramar ta sha magani, babban kuma yana da aikin makaranta, sai direba ya danna hon. In na dawo ya yi barci, in na farka ya fita. Rannan na ga ya yi aski, gashin har ya fara tsirowa, ban ma san yaushe ya yi ba. Labarin auren ƙaninsa a bakin surukata na ji. Har yau ina cikin aiki sai in ɗaga kai in dubi wajen injinsa, in ga wani ne daban a tsaye. Kunya nake ji in faɗi wannan, amma da safe nakan daɗe riƙe da rigar aikinsa kafin in jefa ta a ruwan wanki. Warin roba ne kawai a jikinta, amma nasa ne.

Kowa sai yabon tsarin yake. Surukata ta ce yaran sun yi kumatu. Jami'ar kula da ma'aikata har misali ta ba da da mu a taro, aka tafa mana, na yi murmushi kamar kowa. Na taɓa gwada yi wa maigidana zancen a waya, na ce gidan ya yi shiru. Sai ya ce ai yanzu hankali ya kwanta, mu gode wa Allah. Daga nan na ja bakina. Ban sani ba ko shi bai damu ba ne, wannan kuma ya fi komai ci mini rai.

Duk ƙarshen mako Gwaggo tana tambayata yadda nake jin aikina, ta jero mini fuskoki, daga mai dariya zuwa mai kuka. Mai dariyar nake dannawa, don aikin ba shi da laifi. Wace fuska zan danna ta gane mijina nake so in zauna da shi? Kuma da wane baki zan shiga ofis in ce wa jami'a ina kewar mijina? Har na fara tunanin ajiye aikin, alhali ina son sa, kuma gidan yana buƙatarsa. Ko dai butulci nake yi, Anti?

Daga ƙanwarki, Mai Kewa.

*

Ƙanwata Mai Kewa,

Ba butulci kike yi ba. Mace ta yi kewar mijinta ba abin dariya ba ne, alheri ne, kuma gidaje da yawa shi suka rasa. Ki cire wannan daga ranki tukuna.

Amma mu yi wa Gwaggo adalci. An tambaye ku, kun ce yara, ta magance matsalar yara. Ba mugunta ta yi muku ba. Irin wannan manhaja da abin da aka ba ta take aiki. Tana iya auna zafin ƙarfe da tsawon tsayuwa, amma ba wanda ya gaya mata cewa zaman nan naku bayan kwalaye shi ma wani ginshiƙi ne na gidanku. Ke kuma duk mako kina danna mata fuska mai dariya, to a wurinta komai lafiya lau.

Kada ki ajiye aiki. Idan kika yi haka cikin ɓacin rai, za ki samu mijin, amma kewar aikin ce za ta maye gurbin wannan.

Ki fara da maigidanki, ba da ofis ba. Cewa gida ya yi shiru ba magana ba ce, zagaye ne, shi ma kuma da zagaye ya amsa miki. Maza da yawa idan sun ga iyali sun samu sauƙi sai su haɗiye nasu, don kada a ce sun fifita kansu a kan yara. Mai yiwuwa shi ma tsoron da kike ji yake ji, yana ganin ke ce kika fi son tsarin. Ban ce tabbas haka ne ba, amma ba za ki sani ba sai kin tambaya. Ki nemi hutun rana ɗaya ta dace da tasa, ki zaunar da shi ido da ido, ki ce masa kina kewarsa. Mijinki ne, kunyar ta isa haka.

Bayan nan ku je wurin jami'ar tare. Ba sai kin buɗe mata zuciyarki ba. Ki ce tsarin ya taimaki yara, kun gode, amma ya hana iyali haɗuwa, kuna so a daidaita muku ranar hutu, a kuma haɗa ku aiki lokaci ɗaya ko da sau ɗaya ne a mako. Mutane ne suke faɗa wa manhajar abin da za ta kula da shi, kuma suna iya ƙara mata wannan. Wadda ta yi alfahari da ku a taro ba za ta so misalinta ya lalace ba. Ki kuma bincika a hankali, zai yi wuya a ce ku kaɗai ne ma'aurata ko 'yan'uwan da aka raba haka, kuma muryar mutane da yawa ta fi saurin shiga kunne.

Ki sani za a ɗan rage wani abu. Ranar da kuke tare a wurin aiki sai an nemi mai riƙe yaran. Tunda surukarki tana jin daɗin kumatunsu, ga dama ta samu, a kai mata su ta ƙara musu. Yara suna buƙatar uwa, suna buƙatar uba, suna kuma buƙatar su riƙa ganin su biyun zaune a tabarma ɗaya suna dariya.

Allah Ya sanya albarka a aikinku, Ya raya muku zuri'a, Ya bar ku tare cikin ƙauna da lafiya.

Antinki.