Gwangwanin Kol Biyu

Litinin, 1 ga Oktoba 1984

Ƙanena Chaibou ya iso daga Tchirozérine da mota. Ja wur, kujera biyu kacal, gajera har sai mutum ya durƙusa kafin ya shiga. Wani Anasara ne ya ratso hamada da ita, ta ishe shi, ya sayar masa ya hau jirgi. A shekarar da shanu ke faɗuwa a bakin rijiya, ɗan gidanmu ya sayo abin wasa.

Unguwa kaf ta fito kallo. Baba, da idonsa ya yi rauni, ya zagaya ta yana shafawa da hannu yana ta "Masha Allah, Chaibou." Shekara goma sha huɗu ina facin taya a bakin tasha, bai taɓa shafa ko famfona ba.

Ni ma na ce masha Allah. Bakina ne ya faɗa.

Laraba, 3 ga Oktoba

A shingen sojoji na bakin gari aka ɗaga masa igiya, ko takarda ba a tambaye shi ba, har da sara masa. Ni makon jiya da na turo kurar tsofaffin tayoyi sai da suka zube su ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Ga kuma sabuwar shaddarsa, mai ruwan bula, aikin wuya har ciki. Ni na bar lakkal, makarantar boko, na kama ƙarfe don ya ci gaba da karatu. Ba wanda ya tuna. Ni ma ban so tunawa ba.

Juma'a, 5 ga Oktoba

Yau dai ya tako har rumfata. Na buɗe bayan motar, wurin da ko kwanon tuwo da ƙyar zai shiga, na ce ina sakur, tayar ajiya? Ya ce babu, Anasaran ya baro ta a hamada. Na duba lambar tayar. Irin wannan girman babu shi a duk Agadez, na san kowace taya ta garin nan kamar yadda na san ƴaƴana. Wallahi sai da na ji sanyi a raina. Mota ga kyau, ƙafa huɗu babu ta biyar.

Ya ce Alhamis zai tafi Ingall ya ɗauko ƙanwarmu Fatouma. Mijinta ya kora ɗan abin da ya rage na dabbobi ya yi kudu, ya bar ta da jaririya, abincin taimako kuma ba ya isa. Zai dawo ta tsohuwar hanya don ta fi kusa, mai ya yi wuya. Hanyar da ba komai a kanta sai ƙaya da ƙasusuwan shanu.

"Yaya, na ji tsofaffin direbobi na cewa in taya ta sace, a cusa mata busasshiyar ciyawa, sai ta kai mutum gari."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce ciyawa? Bana? In ka ga ciyawa tsakanin nan da Ingall, ka kawo wa jakin maƙwabcinmu, ya fi motarka bukata.

Litinin, 8 ga Oktoba

Koyarwa. Na nuna masa inda zai kafa kirik ya ɗaga motar, yadda zai ɓalle taya da ƙarafa biyu, ya zaro shambur, robar ciki mai riƙe iska, ya hura, ya tofa miyau ya ga inda yake kumfa tunda ba a ɓata ruwa. A kankare wurin, a shafa kol, wato gam ɗin faci, a jira ya sha iska, a ɗora faci a danne. Hannunsa taushi kamar na mai jego. Sau biyu yana matse yatsa.

Na ce masa dukan aikin a kan kol yake. Kada ka taɓa karɓar gwangwani a hannun kowa ba ka girgiza shi a kunnenka ba. In bai motsa ba, rana ta cinye shi. Ya rubuta a ɗan karnensa, littafin aljihu, kamar yana gaban maitre a aji.

Da yamma na ji Baba yana faɗa wa baƙi cewa Chaibou har gyaran mota ya iya.

Laraba, 10 ga Oktoba

Na haɗa masa kaya a tsohon buhu, daidai yadda zai shige bayan kujeru. Famfo, ƙarafa biyu, almakashi, faci goma da na yanko daga shambur na kamiyo, babbar motar kaya, ɗan katakon da ake sa wa kirik kada ya nutse a rairayi. Salka guda da bido, wato jarka, na ruwa.

Gwangwanin kol biyu gare ni. Sabo, da wanda ya kwana a rana tun bazara. Launinsu ɗaya.

Na sa ɗaya a buhu.

Ba wani abu ba ne. Ƙila ma ba zai yi faci ba. In ma ya yi, ya ɗan sha rana awa biyu, mota ta zo wucewa, ya san cewa aikin da nake yi aiki ne.

Alhamis, 11 ga Oktoba

Ya tafi da hantsi, cikin shaddar. Ya karɓi buhun ya jefa bayan kujera, ko buɗewa bai yi ba. "Na gode, Yaya." Gobe da la'asar zai dawo.

Juma'a, 12 ga Oktoba

La'asar ta wuce. Baba ya sa an shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, duk ƙarar da ya ji sai ya ɗaga kai.

Na tambayi direbobin tasha. Sun ce tun da rijiyoyin tsohuwar hanya suka ƙafe ba mai bin ta, sai kamiyon hatsi sau ɗaya a mako. Ban san haka ba. Ko na sani ne ban so na tuna ba.

Jaririyar watanta huɗu.

Lahadi, 14 ga Oktoba

Jiya ban iya rubutu ba.

Jiyan da sassafe na sa sabon gwangwanin a aljihu na je wurin Garba, direban kamiyon da ke kai hatsi zangon makiyaya. Sojan da ke raka shi ya ce ba a ɗaukar kowa. Na roƙe shi kamar yadda ban taɓa roƙon mutum ba, har na durƙusa. Ya ce hau bisa buhunan hatsi.

Wajen azahar muka hango ja a gindin wata ƙaya da ba ko ganye ɗaya. Fatouma na kwance a ɗan inuwar motar, leɓɓanta sun tsage. Jaririyar ko kuka ba ta yi, sai buɗe baki. Salka ta bushe, bidon saura abin da bai cika kofi ba, kuma Chaibou bai sha ko ɗigo ba tun Juma'a da safe.

Daga shi sai singileti. Na ce ina rigarka? Ya nuna tayar baya. Da ƙashi ya huda ta, ya buɗe kol ya tarar ya daskare kamar ƙaro. Ya nemi ciyawa babu. Sai ya yayyaga shaddar, riga da wando, ya cusa a ciki, ta kai su ɗan nesa kafin ta gaba ma ta sace. Na zaro tsummokaran da hannuna. Aikin wuyan nan ya koma baƙi ƙirin.

Garba ya ba su ruwa kaɗan-kaɗan. Na yi facin biyu ban ɗaga kaina ba. Da na fito da sabon gwangwanin Chaibou ya dube shi, ya dube ni, ya daɗe. Muryarsa da ƙyar take fita.

"Ka ce in girgiza kafin in karɓa a hannun kowa. Ban girgiza ba, Yaya. Daga hannunka ya fito."

Iyakar abin da ya ce ke nan.

Da muka iso gida Baba ya tambayi abin da ya faru. Na buɗe baki, Chaibou ya riga ni. Ya ce zafin bana ne ya busar da kol, kuma ba don Yaya Illiya ya biyo mu ba da sai dai a ɗauko gawa uku. Baba ya lalubo hannuna, mai baƙin mai da kanta, ya riƙe yana shafawa yana sa mini albarka.

Shekara goma sha huɗu ina jiran wannan. Da zan iya da na janye hannun.

Alhamis, 18 ga Oktoba

Jaririyar ta kama nono sosai. An sallami Fatouma daga likita.

Na rubuta lambar tayar a takardu uku, na ba direbobin Zinder da Tahoua da Arlit, ko Allah zai sa a dace. Na kuma auna bayan motar, in aka ƙera ƙarfe a kai sakur za ta zauna. Ba don komai ba, kawai ba na son ganin mota haka.

Har yanzu in motar ta wuce ta gaban rumfata nakan kau da kai. Yau dai na tsayar da Chaibou, na miƙa masa sabon gwangwanin, na ce girgiza. Ya ce haba Yaya. Na ce girgiza ina gani.

Ya girgiza.