Kwalekwalen Baba a Kife

Zuwa ga Yayata Remedios,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya sanyin Tijuana? Mu nan lafiya lau, in ban da Baba.

Kin san halinsa in Ranar Matattu, da muke ziyartar kaburbura, ta matso. Kabarin Mama ba a sa masa furen kasuwa, sai katantanwa mai ɗigo-ɗigo da ya tsinto da hannunsa in ruwan teku ya janye. Abin da ba ki sani ba, idonsa ya yi rauni tun bara. Ni kaɗai na lura, ya kuwa roƙe ni in rufe bakina, kada ɗan'uwanmu Hilario ya raba shi da kwalekwalen da yake fita kamun kifi.

Ranar Laraba ya tsinci wata mai tsini, irin mai dafin nan, ya zaci fanko ce, ya jefa a aljihu. Shi da ya koya mana a kama ta ta faffaɗan gefe, kada yatsa ya kusanci tsinin! Ashe dodon koɗin yana ciki da ransa. Yana sa hannu zai ciro, ya harbe shi. Kafin mu isa asibiti a La Paz dafin ya kashe hannun har kafaɗa, harshe ya yi nauyi, numfashi sama-sama. Yaya, ban taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Cikin ikon Allah ya tashi. Da likita ta tambaye shi ko yana gani sosai, sai ya ce, "Haba 'yata, daga gadon nan ma ina hango kifi!" Ni kuma tsoro bai sake ni ba, na faɗi gaskiya a gaban Hilario. Kin san ƙanenki da rawar kai. Kafin a sallamo Baba ya cire injin, ya kife kwalekwalen a bayan gida.

Na san ba ƙarya na yi ba, amma Allah ya sani, na yi da-na-sani. Da ma faɗa ya yi mini. Yanzu kullum da safe yakan ce in fito masa da kujera, in juya bayanta ga teku.

Ki zo, Yaya, ko ke ya yi miki hira. Ni tun ranar, in na kai masa abinci, "na gode" kawai yake cewa, kamar baƙuwa.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Eulalia