Jan Fensirin Malam Ango

Lahadi, 7 ga Yuni, 1964

Ruwa da asuba, ya ɗauke kafin hantsi.

Matata Barira ta matsa mini sai na je rumfar Ademola tela na ji wasan da garin ke ta magana a kai, "Gidan Malam Ango". Na talabijin ne. A Kaduna ake nuna shi ran Alhamis, mu da ba mu da akwatin hoto sai a sako mana muryoyin ta rediyo ran Lahadi bayan la'asar. Wato garinmu Bagudo da kunne take kallo. Mutum talatin da ɗaya na ƙirga. Ademola ya tsai da keken ɗinki, abin da ko ran jajibirin Salla ba ya yi.

Labarin wani tsohon akawu ne, Malam Ango, da ɗansa Hassan da ya bar aikin ofis ya kama ɗaukar hoto, suka ɓata. Tsohon ba ya rabuwa da jan fensir a bayan kunne. Ginin labarin ba laifi, ko da yake an ja tsakiyar. Mai wasan tsohon yana ɗan tari kafin ya ce "to".

Na san tarin nan.

Litinin, 8 ga Yuni

Tarin nawa ne. Muryar kuwa ta Bunyaminu ce, duk da ya shaƙe ta ya tsofar. Ɗana na fari ne, ba na kama sunansa a baki, amma takarda ba ta jin kunya. Shekara biyu da wata huɗu ke nan ba wasiƙarsa, tun da ya bar aikin akawun lardi ya tafi gidan rediyo, na faɗi abin da na faɗa.

Ba a karanta sunayen 'yan wasa a rediyo. Ina jin ni kaɗai na gane. Ban gaya wa Barira ba.

Lahadi, 14 ga Yuni

Na koma. Don in tabbatar kawai.

Ɗanmusa direba ya iso da lori jiya. Shi kaɗai a garin nan ya taɓa ganin wasan da ido, a wani otal na Kaduna inda yakan sauka, saboda haka ya zama alƙali. Dela mai ƙosai ta ce ya kwatanta mata tsohon. Ya ce, "Dogo na, siriri awa sanda, tabarau nai ɗaure da zare gefe guda."

Kowa ya zuba wa rediyo ido kamar hoton zai fito. Na cire tabarau na goge. Masu ɗaure tabarau da zare suna da yawa a Arewa.

Laraba, 17 ga Yuni

Ciyawa ta fi ƙarfin shinkafar fadama. Bayana ya hana ni duƙawa.

Lahadi, 21 ga Yuni

Yau suka kawo wasiƙar.

Hassan ya rubuto wa uban shafi huɗu yana neman gafara. Malam Ango ya zauna ya bi ta da jan fensir layi-layi, ya soke sakin layin ban-haƙurin gaba ɗaya, ya sa a ambulan ya mayar. Aka sa kiɗa.

Dela ta tashi tsaye da matsamin ƙosai a hannu. "Wanga tsoho ba ya da hanta! Ɗa ya durƙusa maka, kai kana auna tsawon gwiwa tai?" Ademola ya ce a garinsu ma akwai irinsu, ƙauna ce ke fito musu ta bayan kai. Hamma, abokina tun muna kamun kifi da ƙugiya, ya zungure ni ya ce, "Na-Zariya, kai da ka san takarda, mi ka gani?" Na ce an yi saurin sa kiɗan.

Wasiƙar ƙarshe da Bunyaminu ya aiko mini shafi huɗu ce kuwa. Ko wannan bai sauya ba.

Litinin, 22 ga Yuni

Bari in rubuta yadda abin yake, tunda a rumfa ba zan faɗa ba.

Shekara ashirin da uku na yi a maɗaba'a a Zariya ina duba rubutu kafin a buga. Rubutun da muka ƙi, ba ma taɓa shi. A tsabtarsa muke mayar wa mai shi, ko ɗigo babu. Wanda muka karɓa shi ake zama a kai da jan fensir. Duk marubucin da ya buɗe ambulan ya ga ja, ya san ya shiga. Na ga wani malamin makaranta ya yi rawa a bakin ƙofa kan haka. Kwana biyu na yi a kan wasiƙar yaron nan. Ban taɓa ba rubutun wani kwana biyu ba. Ban-haƙurin na soke shi ne domin ba a bukatarsa.

Na ɗauka ya sani. A Zariya ya girma. Amma yau da na bi lissafin shekarun, ban tuna ranar da na taɓa zaunar da shi na gaya masa yadda muke aiki ba. Na dai riƙa dawowa gida da ja a yatsu.

Lahadi, 28 ga Yuni

Batir ya yi sanyi, rabin wasan muka ji. Hassan yana zazzaɓi a ɗakin haya. Barira ba ta ci tuwo ba. Na ce mata wasa ne. Ta ce, "Na sani, Malam."

Lahadi, 5 ga Yuli

Mai sanarwa ya ce saura mako huɗu a rufe zangon, masu kallo da masu sauraro su aiko da ra'ayi kan yadda za a ƙare. Kafin in miƙe an riga an naɗa ni magatakarda. Ademola ya share teburin yanka ya ba ni kujerarsa.

Abin da aka shifta mini:

Dela tana so Hassan ya yi arziki, ya zo da mota ya wuce ta ƙofar gidan uban ba tare da ya tsaya ba. Ta ce ba ita kaɗai ba: duk ran kasuwa tana ƙetare iyaka ta ba matan Dahome labarin da Dendanci, su kuma sun yanke a jefa fensirin rijiya. Wata tsohuwa can ma ta ce a jefa har mai shi, amma a ciro shi da wuri.

Ɗanmusa yana so a ƙara direba a wasan.

Hamma ya ce a rubuta cewa tsohon ba mugu ba ne, "jaki na dai, ga kaya ga hanya ya tsaya."

Ademola ya ce a bar su su haɗu ko a tasha ce, shi ba ya son wasan da zai hana shi cin abinci.

Na tambayi Barira a gida ko tana da abin ƙarawa. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Uwar yaron. Wata uku ana wasa, ba a tambaye ta komi ba, sai kawo ruwa da ɗauke kwano."

Na rubuta nata a ƙarshe. Ban gyara maganar kowa ba, har jakin.

Talata, 7 ga Yuli

Hamma ya same ni a fadama. Muka zauna kan kunya muna kallon ruwa yana shigowa. Can ya ce, "Ma'azu, kai fa kana tsammanin mu kurame na?"

Tun mako na biyu da fara wasan 'yan rumfa suka gane muryar. Dela ce ta fara. Ta ce yaron da ya ci ƙosanta duk hutun makaranta ba zai ɓoye mata a cikin akwati ba. Ɗanmusa ya tabbatar da ido, har sun gaisa. Yaron ne ke rubuta wasan ma, ba fitowa kaɗai ba. Suka haɗa baki kada a gaya mini, a dai sa Barira ta jawo ni rumfa.

Wato wata guda ana zagina a gabana, ina riƙe da alƙalami.

Na ce sun kyauta. Ya ce, "Ba mu kyauta ba, mun gaji na. Mu ma ɗanmu na."

Na dawo ban bi ta rumfa ba.

Laraba, 8 ga Yuli

Ban fita ba.

Alhamis, 9 ga Yuli

Dela ta aiko da ƙosai, ba saƙo. Ya ji barkono fiye da kullum. Na cinye.

Asabar, 11 ga Yuli

Na rubuta tawa, dabam da ta gari. Shafi ɗaya. Na ce ni mai sauraro ne daga Bagudo, kuma ina ganin marubucin bai yi wa Malam Ango cikakken adalci ba, domin bai binciki al'adar masu jan fensir ba. Na bayyana ta a taƙaice: abin da aka ƙi a tsabtarsa yake komawa. Na ce tsakiyar wasan ta yi tsawo, kuma a ba uwar magana.

Sakin layi na ƙarshe sau biyar ina sake shi. Abin da ya tsaya: idan tsohon ya ɗauka ɗansa zai gane abin da bai taɓa koya masa ba, laifin tsohon ne, kuma yana roƙon a yafe masa.

Na sa hannu da sunana. Ɓoyewa ba ta da amfani, ya san rubutun.

Litinin, 13 ga Yuli

Jakar gidan waya takan yi kwana goma da damina, sai na ba Ɗanmusa duka biyun. Kwara ta cika, jirgin fito sau ɗaya yake ƙetarawa a yini. Na raka shi har bakin ruwa, wai don in ga yadda ruwan ya kai. Ya sa wasiƙun cikin hula. Ya ce daga Kaduna zai yi lodin Jos, kada a sa ran shi kafin wata ya mutu.

Lahadi, 19 ga Yuli

Na koma rumfa. Ademola ya ce, "Baba Malam, ga kujerarka," kamar dama tawa ce.

Lahadi, 26 ga Yuli

Uwar Hassan ta yi magana. Minti uku cur, na duba agogo. Ta ce ta gaji da zama tsakanin bango biyu tana jiran ɗaya ya tsage. Wato wasiƙar gari ta isa. Tawa ban sani ba.

Barira a gidan Ademola take ji tare da matarsa Dupe, ta taga. An ce ta rufe fuska da mayafi. Da daddawa ta yi miyar yau, irin wadda yaron yake so.

Lahadi, 2 ga Agusta

Ƙarshen zango. Har daga Kaoje an zo. Ademola ya sa sabon batir.

An ji sallamar Hassan. An ji tarin, an ji "to". Daga nan shiru. Takun ƙafa, jan kujera, sai wani ƙaras-ƙaras siriri da ya ɗauki kusan minti biyu. Ademola ya bubbuga rediyon. Sai kiɗa, sai mai sanarwa yana godiya.

Rumfa ta kaure. Dela ta ce an cuce mu, an yi ƙarshen don masu ido. Wani ya ce tsohon ya faɗi ne ya mutu. Wani ya ce ɓera ne a ɗakin watsa shiri. Hamma ya rantse kuka ne ake dannewa. Aka juyo gare ni. Na ce ba na yanke hukunci kan shafin da ban gani ba.

Na san ƙarar fensir a kan takarda. Abin da ban sani ba, a hannun wa yake. Idan a hannun tsohon ne, to amsata ke nan: bai sauya ba, ba zai sauya ba.

Laraba, 5 ga Agusta

Ba lori. Na je bakin ruwa.

Juma'a, 7 ga Agusta

Ba lori.

Asabar, 8 ga Agusta

Ɗanmusa ya iso da azahar, laka har gwiwa. Ba a bar shi ya sha ruwa ba. Ya hau bencin Ademola ya kwaikwayi abin da ya gani: Hassan ya shigo ya durƙusa. Tsohon ya ɗauko wata takarda da shi ya rubuta, ya zare fensirin daga bayan kunne, ya miƙa wa ɗan duka biyun. Hassan ya ja kujera ya zauna yana bin takardar uban layi-layi, uban yana tsaye da hannu a baya awa ɗan makaranta. Hoto ya ɗauke.

Dela ta ce, "Shi ke nan? Ba runguma, ba mota?" Ta ce ita ba ta gamsu ba, kuma matan Dahome ba za su gamsu ba. Tana faɗa tana share ido da bakin zane.

Da aka watse Ɗanmusa ya cire hula ya ba ni ambulan. Na sa a aljihu. Na yi sallar la'asar da shi a aljihu.

Lahadi, 9 ga Agusta

Wasiƙata ce ta dawo. Ja ko'ina.

Gyara goma sha ɗaya. Tara daidai ne. Ɗaya ana iya gardama. Ɗaya kuskure ne ƙarara, ya cire kalmar da jimlar ke tsaye a kanta. Sakin layi na ƙarshe ya soke shi gaba ɗaya, layi biyu a gicciye, yadda nake yi. A gefe ya rubuta: "Sauran gyaran sai na zo, hutun ɗaya ga Oktoba. A gaida Inna."

Na karanta wa Barira. Ta ce in sake. Na sake. Ta karɓi takardar ta juya ta, ita da ba ta karatun boko, ta ce, "Jan ya yi kyau."

Na aika amsa, layi uku. Sai da Ɗanmusa ya tafi na tuna ban sake dubawa ba.

Na ce wa Hamma ya nemo mai jinka, ɗakin gabas yana yoyo. Damina ce, dole a gyara ko da ba mai kwana. Ya ce, "I mana, damina."

Kuskuren nan guda ɗaya, na bar masa.