Ofishin Tae-sik a Gindin Dutsen Gwanak

Seoul, 9 ga Maris, 1998

Yaya Mal-sun,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin bana bai tayar miki da ciwon gwiwa ba, kuma kasuwa tana motsi. Mu nan lafiya lau, 'yarmu Bo-ra ta shiga aji huɗu.

Yaya, abin da zan gaya miki ya tsaya tsakaninmu. Tun ƙarshen Janairu kamfaninmu ya sallame mu, mu arba'in rana ɗaya, bayan shekara goma sha shida da na yi musu. Maman Bo-ra ba ta sani ba. Kullum da safe nakan saka kwat, in ɗauki jaka, in hau jirgin ƙasa zuwa gindin Dutsen Gwanak. Can nake wuni. Mun kai ashirin masu kwat a wurin, kowa da jaridarsa, ba mai tambayar wani. Akwai wani dattijo da kan ce mini, "Manaja, yau ma taron ya yi tsawo ko?" Sai mu yi dariya.

Ran ashirin da biyar ga wata nakan ciro daga kuɗin sallamata in miƙa mata a ambulan kamar albashi, in sayo naman shanu yadda na saba. In na ci gaba a haka, kafin kaka ba sauran ko won ɗaya.

Ba kuɗi nake roƙo ba. Na san sau nawa na yi miki dariya kina wanke leda kina shanyawa. Yau ni ne mai tambaya: yaya ake rayuwa da kaɗan? Amma ta yadda ba za ta gane ba.

Ƙaninki,
Tae-sik

Jeonju, 16 ga Maris

Tae-sik,

Na samu takardarka. Gwiwa tana nan yadda ka san ta. Kasuwa kuwa sai a taya a wuce, amma miyar tsiron wake ba ta kwantai, ita ce abincin mai ƙaramin aljihu. Kada ka yi mamakin takardar, bayan kalandar bara ce.

Da na karanta sai da na nemi wuri na zauna. Amma ban yi maka kuka ba. Baba ya rasa gona sau biyu, kuma bai mutu ba sai da ya tsufa.

Ka daina shan taba, kuɗi ne kake kunna wa wuta. Motar nan ka rabu da ita, ko tana kwance ci take yi. Duk abin da ranka ya so, ka bar shi ya kwana uku. In har yana ranka, ka ƙara masa uku. Abincin yarinya kaɗai ba a taɓawa. Kuma maimakon kallon itatuwa, ɗakin karatu na unguwa kyauta ne, ga ɗumi. Ka je ka koyi abin da hannu ke yi. Kwat ba sana'a ba ce.

Sai dai duk wannan aikin banza ne in matarka ba ta sani ba. Ba a gyaran rufi a ɓoye wa wanda ke kwance ƙarƙashinsa. Ka gaya mata.

Ka ci abinci.
Yayarka

Seoul, 6 ga Afrilu

Zuwa ga Babbar Yaya,

Ina miƙa gaisuwata cikin ladabi, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ki gafarce ni, na daɗe ban rubuto ba, kuma yau ma da damuwa na zo.

Yaya, Baban Bo-ra ba shi da aiki. Shi bai san na sani ba. A watan Fabrairu Bo-ra ta yi zazzaɓi, na buga waya ofishinsu, wata mata ta ce mini, "Ai ya bar nan." Tun ranar nake goge jar ƙasa a takalminsa ina yin shiru.

Na samu aikin wanke-wanke a wani gidan abinci kusa da tasha, daga ƙarfe tara zuwa uku, ina riga shi dawowa. Ina tsimi iya ƙarfina, amma kamar ɗibar ruwa da kwando. Da na ce a dakatar da darasin piyano na Bo-ra, sai ya ajiye cokali ya ce, "Na ce miki na gaza ne?" Washegari ya shigo da naman shanu.

Ba talaucin nake tsoro ba. Jaridu kullum suna kawo labarin maza da suka fita da safe ba su dawo ba. Ina gudun in ce na sani, ɗan abin da yake riƙe da shi a tsaye ya faɗi. Ki koya mini yadda zan rage kashe kuɗi ba tare da ya lura ba. Ina roƙonki kada ki gaya masa.

Taki cikin girmamawa,
Hye-ran

Jeonju, 13 ga Afrilu

Tae-sik da Maman Bo-ra,

Ina gaishe ku duka biyu. Da gangan na rubuta sunayenku tare a bayan ambulan. Ba ni da kuɗin kan sarki biyu zuwa gida ɗaya.

Tae-sik, matarka ta sani tun Fabrairu, kuma kwanukan mutane take wankewa. Maman Bo-ra, mijinki ya gaya mini da kansa tun Maris, a gindin dutse yake wuni, ba wani mugun wuri ba. Kowannenku ya ce in rufa masa asiri. Na yi kwana biyar ina juya maganar, na ga asirin ya fi ƙarfin aljihunku. Shi yana ɓarnar kuɗi don kada ki sani, ke kina ɓarnar lafiya don kada ya san kin sani. Ban taɓa ganin almubazzaranci irin wannan ba.

Wanda zai yi fushi da ni ya yi, fushi kyauta ne. Na aiko da busasshen ganyen radish da ƙullin waken miya, za su kai ku damina.

Yayarku

Bucheon, 2 ga Yuni

Yaya,

Barka da shigowar zafi. Ki lura adireshinmu ya sauya.

Maman Bo-ra ce ta fara ganin wasiƙarki, ta ajiye ba ta buɗe ba har na dawo daga "ofis". Ita ta karanta a bayyane. 

Na ce, "Kika kuma bar ni ina hawan dutse da takalmin ofis?"

Ta ce, "Na ga tumbinka yana raguwa, na ce a bar shi ya ci gaba."

Na fara dariya, sai idona ya sauka a kan hannuwanta, duk sun tsattsage. Sauran ba sai na rubuta ba. Na yi mako guda ina fushi da ke, ya wuce.

Mun sayar da motar, mun koma ɗaki biyu. Da muka zaunar da Bo-ra kan maganar piyano, ina ta kame-kame, sai ta ce, "Baba, da ma don kai nake zuwa." Shekara uku muna biya!

Ina karatun jarrabawar masu kula da tukunyar ɗumama gidaje. Taba kuwa kwana arba'in ke nan rabona da ita, ban da rana ɗaya.

Ƙaninki,
Tae-sik

Bucheon, 10 ga Nuwamba

Yaya,

Da fatan kina lafiya. Na ci jarrabawar, an ɗauke ni a wani rukunin gidaje. Albashin bai kai rabin na da ba, amma yana isa. Maman Bo-ra ta ce bana tare da ke za a haɗa kimchin hunturu, kabejin nan da ake jiƙawa da yaji a adana. Tikitin jirgin ƙasa yana cikin ambulan, kujera mai laushi. Kada ki mayar a ba ki kuɗin, na san halinki.

Tae-sik

Jeonju, 15 ga Nuwamba

Tae-sik,

Ina gaishe ku. Na mayar da tikitin. Ina zuwa ran Asabar a bas, canjin na Bo-ra ne. Kada ku sayi kabeji sai na iso, cutar ku za a yi.

Yayarka