Jemagen da ya iya ɗaure ƙulli a mangwarona

Assalamu alaikum admin da 'yan group, sannunku da ƙoƙari. A sakaya sunana, don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Juma'a.

Ni matar aure ce a Sabon Garin Wudil, ba mai fita ba ce, daga kicin sai gindin mangwarona da ke bayan ɗakunanmu. Bishiyar mai aure ce, daga Utai kawuna ya kawo min dashen, da ruwan wanke-wanke na raine ta. Bara ta yi 'ya'ya kamar me, jemagu da tsuntsaye suka gama da su, ko goma ba mu sha ba. Na rataya tsofaffin CD, na ɗaura leda mai ƙara, duk a banza. To bana sai na yayyanka tsohon gidan sauro, duk wanda ya fara nuna in naɗe shi in ɗaure bakin. Wallahi dabarar ta yi, har ina yi wa maƙwabta kuri.

Sai kwanan nan na fara tarar da ragar a rataye, ba mangwaro a ciki. Maigidana ya ce jemagu ne. Ni kuwa na san cin jemage, tsotsa yake ya yar maka da saura a ƙasa duk ƙuda. Wannan ba ɓawo, ba ƙwallo, ragar ba ta huje ba, kuma an mayar an ɗaure. Ni ɗaurin zarge nake yi. Wannan ƙulli biyu ne a jere, an ja ta hagu, irin wanda surukata Inna take yi wa goronta a bakin zani, don bahaguwa ce. Kuma rassan ƙasa kaɗai ake taɓawa.

Allah ya ba ni kunne, kowa a gidan nan na san tafiyarsa. Bayan azahar in na ɗan kishingiɗa, sai in ji silifa ana jan ƙafa ɗaya, a nufi baya, a jima, a dawo. Ban taɓa leƙawa ba, kunya ba za ta bar ni ba. Inna tana da ciwon suga, likita ya ce ta rage zaƙi, ɗanta kuma ya hana ta mangwaro kwata-kwata. Matar nan ba ta taɓa ɗaga min murya ba, ko sunana ba ta faɗa, 'yar nan take ce min. Shekaranjiya ma ita ta fara yi min jaje, wai jemagun bana ba su da tsoron Allah.

Abin da ya tayar min da hankali, jiya maigidan ya shigo da wani garin magani a leda, wai zai shafa wa nunannun duk abin da ya ci ya mutu. Na ce haram ne, ya ce ɓarna ce ta yi yawa. Na ce yara fa, ya ce yara suna makaranta kuma zai gargaɗe su. Muka yi ta yi har ya ce na fi son jemage da shi. Na kasa buɗe baki in ce ina zargin mahaifiyarka. Da ya fita na juye maganin a masai na ce masa ya zube, ya ce ba komai, Juma'a in ya shiga kasuwa zai sayo wani.

Kuma shi ma ban yarda da shi ba. Lokacin da yake maganar, murya ya ɗaga yana fuskantar ƙofar Inna, shi da ba ya magana da ƙarfi. Ko ya gane ne yake so ta tsorata ta daina? In haka ne ya manta kunnenta ɗaya ba ya ji, kuma rediyonta a kunne yake. Yau bayan azahar na sake jin silifar.

To 'yan uwa ya zan yi? In gaya masa, ya je ya yi mata faɗa, ta san ni na tona ta? In tsinke su duka ɗanyu in huta, bayan wahalar da na sha? Ko in cire kunya in yanka rabi in kai mata ɗaki in ce Inna ga na jemagu? Da wane ido zan kalle ta, don Allah?