Jegon Haulat

Abu Hamour, Doha

Zuwa ga Gwaggo Asabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ina godiya da ta'aziyyarki. Yau kwana tara da muka binne yaron. Kwana biyu ya yi a duniya.

Dalilin wannan takarda shi ne matata Haulat. Ta dage sai ta yi wankan jego. Na bayyana mata, a matsayina na mai koyar da ilimin magunguna, cewa tafasasshen ruwa da kunun kanwa suna raunana zuciyar mai jego. Na ƙara da cewa a hawa na huɗu muke, kuma babu jaririn da za a yi jegonsa. Tun daga nan sai haɗa kaya take, wai gida za ta. Ina roƙon ki yi mata magana, domin ke take ji.

Ɗanki,
Dikko

Zariya

Dikko,

Wa alaikumus salam, ya ƙarin haƙuri? "Babu jariri" ka ce mata? Da bakinka?

Kakata jarirai biyar ta binne, kuma kowanne sai da aka cika mata arba'in cur. Mata su ɗebo ruwa a rafi, su hura wuta tun asuba, su karɓe mata daka da niƙa. Duk wanda ya hangi hayaƙi ya san matar gidan nan ta haihu. A can wa ya sani? Nono na zubar mata, kai kana karanto mata littafi.

Kanwa dai bar ta, ni ma ta kumbura mini ƙafafu. Amma in babu mai yi mata wanka, sako mini ita a jirgi.

Allah ya ba ku mai tsayawa.
Gwaggonka

Abu Hamour, Doha

Gwaggo,

Bayan gaisuwa. Ra'ayina game da tafasasshen ruwa bai sauya ba. Mai ɗumi zan haɗa, ko da za ki yi faɗa.

Wani direba, Mutala, ya kai ni inda na yanko ganyen darbejiya a unguwar Madinat Khalifa. Matarsa Sanatu ta amince za ta riƙa yi wa Haulat wankan safe. Na la'asar babu kowa sai ni.

Da Haulat ta ga ganyen, ta ce, "Ka iya?"

Ban iya ba. Don Allah ki rubuto da gaggawa: daga kafaɗa ake farawa ko daga ƙugu?

Ki huta lafiya.
Dikko