Ranar Asabar Zan Kunna Fanka

Zuwa ga hasken idona, inuwata a tsakar rana, Baban yara,

"Da na gama da wannan kalmar, zan tattara takardun nan in mayar miki da falonki." Maganarka ce, ban ƙara ko wasali ba. Ka faɗe ta mangwaron ƙofar gida yana fure. Ya yi 'ya'ya, mun sha, mun zubar da ƙwallayen, kai kuwa kana nan a kan kalma ɗaya ta Turanci, 'yar mitsitsiya: run.

Muna gida ɗaya nake rubuto maka, don na lura abin da ke kan takarda kaɗai kake ji.

Ya ruwan farkon damina! Da ka ajiye alli ka ce za ka haɗa wa ɗalibai ɗan littafin ma'anonin kalmomin Turanci, wa ya kai ni murna? Ni na yanka maka takardun farko da almakashina. Ina na san kowace ma'ana sai ta samu ƙyallenta, kowane ƙyalle kuma sai an shimfiɗa shi a fili don ka gan su gaba ɗaya? Dubi ma'anonin run kaɗai: gudun mutum yana kan tebur. Kwararar ruwa tana kan talabijin. Tafiyar da shago ta mamaye tabarma. Yoyon hanci kuwa, aka rasa inda za a kwantar da shi sai gefena na doguwar kujera, inda nake jingina da kafaɗarka kana karanta mini jarida. Saboda su ka hana buɗe taga. Saboda su fanka ta zama ado. Wace mace ce ta taɓa zufa don Turanci kamar ni? Su masu harshen ma iska suke sha!

Ka tuna ranar da ka raka ni gida daga laburaren da nake aiki, ruwa ya tsuge mana a hanya? Ka cire rigarka ta sama, zuciyata ta yi tsalle kamar 'yar maraƙa, sai na ga ka naɗe ƙamus ɗin da ka aro da ita. Na jiƙe sharkaf ina dariya, ina cewa a raina ga mutum mai riƙon amana. Ashe gargaɗi aka yi mini, so ya rufe mini ido.

Har yau bai buɗe ba, abin da ke ƙona mini rai ke nan. Ina leƙo ka daga kicin, tabarau a kan goshi kana neman sa a aljihu, sai fushin ya narke mini kamar ƙanƙara a tafin hannu. Ba aikin nake ƙi ba, tauraron asubata. Wurin zamana nake so, da muryarka, da iska. Kuma ka sani, akwai ma'ana ɗaya ta run da ka tsallake. Na ci karo da ita a wani tsohon littafi, ba kuwa za ta fito daga bakina ba sai ina zaune kusa da kai.

Na ajiye maka kwalayen takalma da robobin ɗauri a bakin ƙofa. Kana da daga yau zuwa azahar ɗin Asabar. In lokacin ya yi yoyon hanci yana kan kujerata, zan wangale tagogi, in murɗa fanka har ƙarshe, in zauna da kofin shayina ina kallon ma'anoninka suna tashi kamar garken balbela.

Bayan nan zan durƙusa, da ciwon gwiwar nan tawa, in taya ka tsince su ɗaya bayan ɗaya. Wa kake da shi in ba ni ba?

Taka jiya da yau, taka har bayan Asabar,
Maman yara